Inshorar lafiya: mai iyali goma sha uku zai iya biya kuwa?

Telan Bakin Kasuwa ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambayar da ta daɗe tana cin raina, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta nan, inda akwai ma'aikatan asibiti da ma'aikatan gwamnati da waɗanda suke zaune a wasu ƙasashe, ko Allah zai sa in dace da wanda zai warware mini ita.

Ni tela ne, shekarata ashirin da biyu a kan keke. Ina da mata biyu da 'ya'ya tara, kuma mahaifiyata tana gidana tana fama da hawan jini. Idan aka haɗa da ni, mu goma sha uku ke nan da muke ci a tukunya ɗaya. A daminar bara uwargidana ta tashi da naƙuda cikin dare, muka kai ta asibiti. Bayan kamar awa huɗu likita ya fito ya ce yaron ya zo a gicciye, dole sai an yi mata aiki. Aka miƙo mini takarda mai ɗauke da jerin abin da zan kawo: jini leda biyu, ruwan da za a ƙara mata, allurai, safar hannu, har da zaren ɗinki, wanda ni da nake sana'ar zare ban taɓa sanin akwai mai tsadarsa ba, sannan ga kuɗin aikin kansa. Da ƙarfe biyu na dare ina tsaye a gaban tagar biyan kuɗi, abin da ke aljihuna bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta ba. Ƙanina ne ya je ya tayar da wani dillali daga barci, muka ba shi jinginar kekena na lantarki, wanda da shi nake yi wa manyan riguna aiki. Alhamdu lillahi, uwa da ɗa suna nan lafiya, amma keken bai dawo ba har yau.

Bayan suna, wani maƙwabcina malamin firamare ya ce mini da ina cikin tsarin taimakekeniyar lafiya da ban rasa kekena ba. Na je ofishin hukumar da ke kula da tsarin a jiharmu, aka karɓe ni da mutunci, aka ce mai sana'ar hannu irina zai biya naira 12,000 a kan kowane mutum a shekara, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan wasu makonni. Na lissafa, ya kama naira 156,000. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, ke nan kuɗin ya haura albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, ni kuwa ba ni da albashi, samuna na lokacin Sallah ne da lokacin bukukuwa.

Tambayoyina su ne: shin abin yana aiki da gaske, ko kuwa zan biya ne a ce mini babu magani? Ya halatta in yi wa mahaifiyata da amaryata mai juna biyu da yaro ɗaya mai yawan laulayi rajista, in bar sauran? Na kuma ji a rediyo cewa doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya, to yaya za a wajabta wa mutum abin da ba shi da halin biya? Daga ƙarshe, wani abokina ya ce mini inshora caca ce, ina son mai ilimi ya yi mini bayani a kan wannan.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam Tela. Allah ya raya yaro, ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Shekarata goma sha bakwai ina aikin jinya, mafi yawansu a ɗakin haihuwa, kuma irin tsayuwar da ka yi a gaban taga na ga magidanta sun yi ta sau ba adadi. Na ga wanda ya cire agogo ya ajiye, na ga wadda ta kwance 'yan kunnenta tana kan gadon naƙuda ta miƙa wa mijinta. Ba kai kaɗai ba ne: sama da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa, a daidai lokacin da ciwo ya kama su.

Bari in fara da maganar "babu magani", domin ita ce ta fi ɓata wa tsarin suna, kuma ruwa ba ya tsami banza. Idan ka yi rajista, za ka zaɓi asibiti ɗaya wanda zai zama asibitinka na farko. Duk wata ana tura wa wannan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya zaɓe shi, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Da wannan kuɗin na kowane kai asibitin zai yi maganin zazzaɓin cizon sauro da gudawa da mura da awon ciki da ƙananan gwaje-gwaje. Dabarar ita ce, a cikin mutum dubu da suka yi rajista, ƙalilan ne za su zo a wata, sai kuɗin masu lafiya ya ɗauki nauyin marasa lafiya. Abin da ya fi ƙarfin asibitin farko kuwa, kamar aikin da aka yi wa uwargidanka, ana tura mara lafiya babban asibiti, a nemi lambar izini, a yi aikin, daga baya asibitin ya aika da takardar neman a biya shi.

To, a tsarin inshora na gwamnatin tarayya kuɗin kowane kai ya tsaya a naira 750 a wata sama da shekara goma. A cikin wannan lokaci aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a ƙasar nan a watan Agustan shekarar, farashin magunguna da yawa ya ninka, wasu ma fiye da sau ɗaya. Asibitin da ake ba naira 750 ya kula da mutum wata guda, alhali kwalin maganin ƙwayoyin cuta mai kyau ya haura dubbai, me zai yi? Sai ya ba da mai arha, ko ya rubuta takarda ya ce a je kemis. Ba ina wanke ma'aikatan da ke wulaƙanta masu kati ba ne, akwai su, kuma laifi ne babba, amma tushen matsalar lissafi ne da bai fita ba. An ƙara kuɗin a 2024, aka sake ƙarawa a 2025 har ya kusa ninka na da, kuma a inda nake aiki mun ga ɗan sauƙi.

Duk da haka, shawarata ita ce ka shiga, saboda inshora ba don zazzaɓi ta fi amfani ba. Zazzaɓi kana iya yin maganinsa da kuɗin ɗinkin riga biyu. Amfaninta yana fitowa ne ranar tiyata, ranar da aka ba yaro gado na mako guda, ranar da ake buƙatar ƙarin jini. Abin da ka kashe a dare ɗaya na tabbata ya fi abin da aka ce ka biya wa gidanka duka a shekara. Sai dai kafin ka ba da ko sisi, ka nemi takardar da ta jera abin da katin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, ka sa a karanta maka ita layi-layi. Ka tambaya musamman game da tiyatar haihuwa, da jini, da maganin hawan jini na kowane wata. A tsarin tarayya mara lafiya yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, ka ji ko naku ma haka ne. Sannan kada ka zaɓi asibiti don kawai yana kusa da gida. Ka je da safe ka zauna a benci, ka tambayi masu kati da ke layi yadda ake yi musu.

Game da yi wa mutum uku rajista ka bar goma, zan faɗa maka gaskiya ta fuska biyu. A matsayina na 'yar'uwarka, idan ƙarfinka ke nan, ka fara da su, domin su ne suka fi kusa da buƙata. A matsayina na wadda ta san yadda asusun yake tafiya kuwa, idan kowane magidanci ya kawo marasa lafiyarsa kaɗai ya bar masu lafiya a gida, asusun zai ƙare kafin rabin shekara, a koma gidan jiya. Wannan shi ne dalilin lokacin jiran da aka gaya maka, don kada mutum ya jira sai an ce za a yi masa aiki gobe sannan ya zo yankar kati yau. Kuma wannan ne dalilin da ya sa masu tsara doka suka nace a kan wajabtawa.

Akawun Ma'aikata ya amsa:

Malam Tela, ina yi maka jaje. Hajiya ta yi bayani na masu sani, amma ina neman izininta in saɓa mata a wani wuri, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na shekara goma sha biyar ina riƙe da katin nan a matsayin ma'aikacin gwamnatin tarayya.

Tsarin ba sabo ba ne. An kafa dokarsa a 1999, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, aka ƙaddamar da shi a 2005 zamanin Shugaba Obasanjo da sunan NHIS. Tun daga farko an gina shi ne a kan mai albashi, wanda za a iya cire masa kuɗi kafin ya shiga hannunsa, kuma an auna iyali da miji da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Ni ina da mata biyu da 'ya'ya bakwai. Ranar da aka ba ni fom na zauna da biro a hannu ina tunanin wace matar zan rubuta, waɗanne yaran zan bari, kuma duk wanda ya san gidan mata biyu ya san nauyin wannan zaɓi. Sauran sai da na biya musu daban a matsayin ƙarin iyali. Wanda ya zana wannan fom bai zana shi da irin gidajenmu a zuciyarsa ba.

Shekara uku da suka wuce ɗiyata ta kamu da ciwon ciki mai tsanani, asibitinmu na farko ya tura mu wani babba. Muka isa da hantsi, aka ce sai kamfanin da ke tsakaninmu da asibiti, irin waɗanda ake kira HMO, ya turo lambar izini. Ma'aikacin teburin ya buga waya ya fi sau goma a gabana, ba a ɗaga ba. Yarinya tana kwance a kan benci ta naɗe kamar tabarma, uwarta tana yi mata fifita da katin asibitin. Da la'asar ta yi na je na ciro kuɗi na biya kamar wanda bai taɓa jin sunan inshora ba. Lambar ta iso washegari, kuɗina kuwa har yau ban gan su ba. Ni da na san ofis, na san yadda ake rubuta takardar koke, haka ta faru da ni, ina ga tela ko manomi?

Yanzu ga batun wajabtawa. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya rattaba hannu a kan sabuwar doka wadda ta soke ta da, ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta kuma ce inshorar lafiya dole ce a kan kowa. Dokar ta tanadi asusu na musamman don masu rauni, kuma a lokacin an ce zai ɗauki nauyin talakawa miliyan 83. Zuwa ƙarshen 2024, adadin masu inshora gaba ɗaya da hukuma ta bayar ya ɗan haura miliyan 19, a ƙasar da mutanenta suka wuce miliyan 200. Ke nan ko mutum ɗaya cikin goma ba a kai ba, bayan kusan shekara ashirin da farawa.

Masu kare wajabtawa suna yawan kawo misalin Amurka, inda dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ta ɗora tara a kan wanda ya ƙi yin inshora. Abin da ba sa faɗa shi ne, dokar ta zo tare da tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi don su iya biya, kuma duk da haka rigima ba ta kwanta ba, har majalisa ta mayar da tarar ta zama babu daga 2019. Idan ƙasar da kusan kowa yake da takardar haraji ta sha wannan wahala, ta yaya za a bi mai shayi da mai faskare da ɗan acaɓa a karɓi kuɗin shekara? A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Mu da muka karɓi baƙuncin taron, kasonmu na tarayya yawanci yana yawo ne tsakanin kashi 4 zuwa 6. A ganina gwamnatin da ba ta cika nata wajibin ba, ba ta da bakin wajabta wa Malam Tela naira 156,000. Shawarata gare ka, ka yi wa masu rauni uku rajista, sauran kuɗin ka riƙa tara su a wuri na daban da ba ka taɓawa.

Ɗan Zangon Kumasi ya amsa:

Gaisuwa ga jama'a daga Kumasi. Na karanta bayanin Alhaji Akawu, kuma tambayar da ya yi, ta yadda za a karɓi kuɗi daga mai shayi da mai faskare, ita ce ainihin tambayar da Gana ta amsa ta wata hanya, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki.

Ni na taso a zamanin da asibitocin nan suke kan tsarin biya-kafin-a-duba-ka. Na tuna ina yaro wata maƙwabciyarmu a zango ta haihu, aka riƙe ta a asibiti kwana da kwanaki saboda mijinta bai cika kuɗi ba, sai da aka yi karo-karo a masallaci bayan sallar isha'i. A 2003, zamanin Shugaba John Kufuor, aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Abin da ya bambanta ta da taku shi ne inda kuɗin yake fitowa. An ɗora harajin kashi biyu da rabi cikin 100 a kan kayayyaki da hidimomin da ake saye, aka kuma ɗebi kashi biyu da rabi daga kuɗin fanshon ma'aikata, aka zuba a asusun lafiya. Saboda haka mai sayar da koko da mai tura baro suna biya ba tare da wani ya bi su da rasit ba, duk lokacin da suka sayi abin da harajin ya hau kansa. Kuɗin da mai sana'ar hannu yake biya da hannunsa a shekara kaɗan ne, ba shi ne ƙashin bayan asusun ba.

Ga abin da zai fi jan hankalin Malam Tela: a nan an yafe kuɗin shekara ga yaran da ba su kai 18 ba, da tsofaffi daga shekara 70, da matalauta, kuma tun 2008 aka shigar da mata masu juna biyu. Da a Kumasi kake, 'ya'yanka tara ɗan kuɗin yankar kati kawai za ka biya musu, amaryarka ta yi awo ta haihu a kan katin. Sabunta kati ma yanzu a waya ake yi, ka danna *929# ka biya daga kuɗin wayarka kana zaune a shago.

Kada in sa ku ɗauka cewa tsugune ta ƙare a wurinmu. Babbar matsalarmu jinkirin biyan asibitoci ce. An sha yin watanni masu yawa asibiti bai ga kuɗin aikin da ya riga ya yi ba, sai ya fara cewa masu kati su cika wani abu, ko ya ce maganin ya ƙare. Wani ɓangare na dalilin shi ne dokar 2017 da ta ƙayyade yawan kuɗin da ake sakar wa irin waɗannan asusu daga harajin da aka karɓa da sunansu, ƙa'idar da sai a 2025 aka ɗage wa asusun lafiya. Tsarin kuɗin kowane kai da Hajiya ta bayyana ma an gwada shi a nan jihar Ashanti daga 2012, asibitoci da jama'a suka yi ta kuka da shi, aka dakatar da shi a 2017. Amma duk da wannan, ban san mutum ɗaya a zangonmu da yake fatan a koma zamanin da ake riƙe mai jego ba.

Abin da na fahimta daga zama a nan shi ne, a ƙasar da mafi yawan mutane ba su da albashi, kuɗin da za a bi gida-gida a karɓa ba zai taɓa riƙe asusu ba. Sai an samo shi daga haraji, sannan a tsare shi kada a karkatar da shi zuwa wani aiki.

Ɗalibin Ilimi ya amsa:

Malam Tela, zan taɓa tambayarka ta ƙarshe gwargwadon abin da na karanta a gaban malamai. Maganar abokinka tana da asali, amma ya haɗa abu biyu da malamai suka raba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci, wadda kamfani yake karɓar kuɗinka don neman riba a kan abin da ba a san zai faru ko ba zai faru ba, tana ɗauke da garari mai yawa, wato rashin tabbas, da ke ɓata ciniki. A wannan zama kuma ta halatta inshorar taimakon juna, wadda aka gina a kan kyauta da agaji, inda jama'a suke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar duk wanda musiba ta samu a taimaka masa daga ciki. Tun kafin nan, a 1979, aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan a kan wannan tushe, abin da yanzu ake kira takaful.

Daga cikin hujjojin da malamai suke kafawa akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da Ash'ariyawa, mutanen da idan guzurinsu ya yi ƙaranci a wurin yaƙi, ko abincin iyalansu ya ragu a Madina, sai su tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su a kan haka. Ba banza ba jihohi irin su Kano da Kaduna suka kira nasu tsarin taimakekeniya.

Abu ɗaya nake so ka gyara a zuciyarka kafin ka biya. Wannan ba adashe ba ne. A adashe kowa yana jiran ranar kwasarsa, a nan kuwa wanda shekara ta ƙare bai je asibiti ba, ba a ci kuɗinsa ba, ya samu lafiya, kuɗinsa kuma ya yi wa wani magani. Idan ka zuba da wannan niyya kana da lada. Nauyin amana kuma yana kan masu riƙe da asusun, domin dukiyar marasa lafiya ce a hannunsu. Ina ba ka shawara ka kai takardar sharuɗɗan ga malamin da ka amince da shi a garinku ya duba.

Ma'aikaciyar Jinya ta sake amsawa:

Alhaji Akawu, abin da ya samu ɗiyarka bai kamata ya samu kowa ba, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi duba wanda yake cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Ban musa maka ba a kan cewa gwamnati ce ya kamata ta ɗauki kaso mafi girma. Inda nake tsoro shi ne shawarar tara kuɗi a gefe, domin a gidan mutum goma sha uku kuɗin da aka ajiye don ciwo shi ne na farko da kuɗin makaranta da buhun masara suke cinyewa.

Malam Tela, na manta ban gaya maka wani abu ba. Ita wannan doka ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani kaso nasa yana bi ta hukumomin jihohi don a yi wa masu rauni rajista kyauta, musamman mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi. Guraben ba su da yawa, amma ka je asibitin matakin farko na mazaɓarku ka tambayi shugabansa ko ana ɗaukar sunaye.

Telan Bakin Kasuwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta amsoshinku sau biyu, na kuma karanta wa iyalina da daddare. Jiya na je asibitin mazaɓarmu kamar yadda Hajiya ta ce. Shugaban wurin ya ce guraben bana sun cika, amma ya rubuta sunan mahaifiyata da na yarana biyu ƙanana a littafin jira. Amaryata kuwa cikinta wata huɗu ne, ba zan jira da ita ba, gobe in Allah ya yarda zan biya mata ita da yaron nan mai laulayi, naira 24,000, daga kuɗin ɗinkin wani biki da na karɓa.

Na kuma kai maganar ga shugaban ƙungiyarmu ta teloli. Mu sama da ɗari ne a kasuwar nan, kuma dama muna karɓar kuɗin mako-mako don gudunmawar biki da rasuwa. Ya ce idan hukuma za ta yarda ƙungiya ta riƙa tara kuɗin a hankali tana biya wa mambobi da iyalansu a dunƙule, zai sa maganar a taron wata mai zuwa. Hajiya, ko Alhaji Akawu, idan akwai wanda ya san ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta masu sana'a da ta taɓa shiga ta wannan hanya, ina roƙon ya bayyana mana yadda suka fara da irin takardun da aka nema daga gare su, domin in je taron da abin da zan nuna.